Sharhi: Daga Tsibiran Seychelles Zuwa Gitata, Wa Ke Cin Ribar Baƙo?

A watan Oktoban 2025, al'ummar Seychelles, ƙasar tsibirai da ke cikin Tekun Indiya gabas da nahiyar Afirka, sun kayar da shugabansu Wavel Ramkalawan a zagaye na biyu na zaɓe, suka ɗora Dakta Patrick Herminie na jam'iyyar United Seychelles da ƙuri'u sama da kashi 52 cikin 100. Tsadar rayuwa da shan miyagun ƙwayoyi na cikin batutuwan da suka mamaye yaƙin neman zaɓen, amma wanda ya fi jan hankalin duniya shi ne na wani ɗan tsibiri mai suna Assomption, inda gwamnati ta bai wa masu zuba jari daga ƙasar Katar hayar fili ta tsawon shekara 70 domin gina katafaren masaukin 'yan yawon buɗe ido.

Ga ƙasar da yawon buɗe ido shi ne cinta shi ne shanta, abin lura ne a ce gina otal ya shiga sahun dalilan da ake juya wa gwamnati baya a kansu. Mutanen Seychelles ba su ƙi baƙi ba, domin da baƙi suke rayuwa. Tambayar da suka yi ita ce: ƙasar wa aka bayar, da yardar wa, kuma aljihun wa ribar za ta shiga?

Wannan tambaya ta shafi Najeriya kai tsaye, musamman garuruwan da ke kewaye da Abuja, inda filaye ke ƙara tsada kullum, gwamnatoci kuma ke ambaton yawon buɗe ido a matsayin hanyar rage dogaro da man fetur. Garin Gitata, wanda ke arewa da Keffi a jihar Nasarawa, misali ne mai kyau. Ba shi da teku, ba shi da rairayin gaɓa, amma yana bakin ƙofar miliyoyin mutanen da ke zaune a babban birnin tarayya da kewayensa. Duk ranar da aka gyara hanya aka samu kwanciyar hankali, baƙi za su zo, kuma masu neman fili za su riga su isowa.

Yadda tsibirai suka mayar da baƙo jari

Seychelles tarin tsibirai ne kimanin 115, faɗin ƙasarsu gaba ɗaya bai kai murabba'in kilomita 500 ba, jama'arta kuma sun ɗan haura dubu 100 ne kawai. Ƙaramar hukumar Karu, wadda Gitata ke cikinta, ta haura mutum dubu 200 tun a ƙidayar 2006. Duk da wannan ƙanƙanta, Bankin Duniya ya sanya Seychelles cikin jerin ƙasashe masu yawan samun kuɗi tun 2015, kuma idan aka raba arziƙin ƙasa a kan kowane mutum, ita ce kan gaba a Afirka.

Allah ya hore wa ƙasar ruwa mai haske da farin rairayi tun fil azal, amma hakan bai ciyar da kowa ba har sai da aka buɗe filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a tsibirin Mahé a farkon shekarun 1970. Kafin nan, mai son zuwa sai ya kwashe kwanaki a jirgin ruwa daga Mombasa ta ƙasar Kenya, jama'a kuma sun dogara ne da noman kwakwa da kirfa da kamun kifi. Hanyar isa wurin ce ta fara sauya komai. Ƙasar ta samu 'yancin kai daga Birtaniya a 1976, kuma zuwa shekarar 2019 baƙin da suka ziyarce ta sun haura dubu 380, wato kusan baƙi huɗu ga kowane ɗan ƙasa.

Bayan hanya, sai kiyaye abin da baƙon ya zo gani. Kusan rabin ƙasar Seychelles doka ta keɓe shi, ba a sara ba a gini. Hukumar UNESCO ta amince da wurare biyu a matsayin kayan tarihi na duniya: tsibiran Aldabra, inda manyan kunkuru sama da dubu 100 ke rayuwa, da kurmin Vallée de Mai, mai wata irin kwakwa da ba a samu ko'ina sai a tsibiran ƙasar, wadda ƙwallonta ya fi na kowace bishiya girma a duniya. A 2016 ƙasar ta kammala wata yarjejeniya da aka sassauta mata biyan bashi na kimanin dala miliyan 21, bisa sharaɗin ta kare kashi 30 cikin 100 na ruwan tekunta, alkawarin da ta cika a 2020.

Mataki na uku shi ne wanda aka fi mantawa da shi idan ana ba da labarin nasarar ƙasar. Gwamnati ta keɓe wa 'yan ƙasa wasu ƙananan sana'o'in da ke cikin harkar, ciki har da mallakar ƙananan masaukai, domin kada manyan kamfanonin waje su haɗiye komai. A 2015 ta dakatar da ba da sabon izinin gina manyan otal-otal a manyan tsibiranta. A watan Agustan 2023 kuma ta fito da harajin kare muhalli da baƙo ke biya a kan kowane dare, gwargwadon girman masaukin da ya sauka.

Farashin dogaro da baƙo

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Seychelles ta ga gaskiyar wannan magana sau biyu cikin shekara 12. A 2008, lokacin da tattalin arziƙin duniya ya shiga rikici, ƙasar ta kasa biyan bashin da ake binta, ta nemi agajin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, ta kuma saki darajar kuɗinta kasuwa ta yi halinta. A 2020 annobar korona ta rufe filayen jiragen sama, baƙi suka ragu zuwa ƙasa da dubu 120. Kuɗin ƙasar ya faɗi warwas, farashin kaya ya tashi, domin yawancin abincin da ake ci da man da ake ƙonawa daga waje ake sayo su da kuɗaɗen da baƙi ke kawowa.

Wannan ne ya sa ƙasar ta riga sauran ƙasashen Afirka fara allurar riga-kafin korona a watan Janairun 2021, ta kuma sake buɗe ƙofofinta a watan Maris na shekarar. Ba ta da zaɓi. Zuwa 2023 adadin baƙin ya koma kusan dubu 350.

Akwai kuma asarar da ba ta fitowa a lissafin masu shigowa. Idan otal na kamfanin waje ne, naman da ake dafawa a cikinsa an shigo da shi ne, manyan ma'aikatansa kuma baƙin haure ne masu aika albashi gida, to kaso mai yawa na kuɗin da baƙo ya kashe yana komawa inda ya fito. Seychelles na ɗauke da dubban ma'aikata 'yan ƙasashen waje a otal-otal da wuraren gine-gine, a daidai lokacin da shan ƙwayar hiroyin ya yi wa matasanta katutu, har ana lissafa ta cikin ƙasashen da matsalar ta fi ƙamari a duniya idan aka kwatanta da yawan jama'a. Sabon shugaban ƙasar, wanda likita ne kuma tsohon kakakin majalisa, ya taɓa jagorantar hukumar yaƙi da wannan annoba.

'Yan Najeriya ma sun ɗanɗana yadda ƙasar ke kishin wannan kasuwa tata. Ko da yake Seychelles ba ta neman biza daga matafiya, a watan Yulin 2023 ta taƙaita shigar masu fasfon Najeriya da ke zuwa hutu, ban da jami'an diflomasiyya da masu takardar izinin aiki ko ta zama. Mataimakin shugaban ƙasar na lokacin, Ahmed Afif, ya danganta matakin da ƙaruwar safarar miyagun ƙwayoyi da damfara. Matakin ya fusata 'yan Najeriya da dama, waɗanda suka ga an yi musu kuɗin goro saboda laifin wasu tsiraru. Ko ma dai yaya aka kalle shi, ya nuna cewa a wannan sana'a suna shi ne jari, kuma ƙasar da ta dogara da ita takan gwammace ta rasa abokan ciniki a kan ta bari sunanta ya ɓaci.

Takaddamar Assomption

Tsibirin Assomption na da nisan fiye da kilomita dubu daga Victoria, babban birnin ƙasar, amma yana dab da Aldabra. Masu fafutukar kare muhalli sun yi gargaɗin cewa gine-gine da zirga-zirgar jiragen sama da na ruwa za su iya shigar da ƙwari da tsirrai da dabbobin da ba na wurin ba, su lalata abin da aka shafe shekaru ana karewa. 'Yan adawa kuma sun ce an ƙulla yarjejeniyar ba tare da cikakken bayani ga jama'a ba. Gwamnatin Ramkalawan ta kare kanta da cewa ƙasar na buƙatar jari. Herminie ya yi alkawarin taka wa aikin birki.

Ba wannan ne karon farko da tsibirin ya tayar da ƙura ba. Yarjejeniyar da aka ƙulla da Indiya a 2015 domin gina sansanin sojan ruwa a kansa ta ci tura a 2018, bayan jama'a da majalisa sun ƙi amincewa. Sau biyu ke nan mutanen ƙasar suna nuna cewa ko tsibirin da yawancinsu ba su taɓa taka ƙafa a kansa ba, ba su yarda a yi cinikinsa a bayan idonsu ba.

Abin da Gitata da Keffi suka mallaka

Baƙon Seychelles sai ya keto teku daga Jamus ko Faransa ko Rasha ko ƙasashen Larabawa. Na jihar Nasarawa kuwa yana nan kusa. Keffi ba ta wuce tafiyar kimanin kilomita 50 daga Abuja ba, kuma babbar hanyar da ta ratsa ta zuwa Akwanga da Lafiya da Makurdi an mayar da ita tagwaye, har an fara karɓar kuɗin bin hanya a kanta a farkon 2025. Ma'aikaci a Abuja da ke neman inda zai kai iyalinsa ranar Asabar ba ya buƙatar biza ko dala, kuma rufe filin jirgin sama ba zai hana shi zuwa ba. Wannan kasuwa ce da babu tsibirin da ke da irinta.

Abin gani ma akwai shi. Keffi, wadda Abdu Zanga ya kafa a farkon ƙarni na 19, tana da matsayi na musamman a tarihin zuwan Turawa ƙasar Hausa. A nan ne Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe jami'in Birtaniya Kyaftin Moloney a watan Oktoban 1902, ya nufi Kano inda Sarki Alu ya karɓe shi hannu bibbiyu. Turawa sun riƙe wannan a cikin hujjojinsu na yaƙar Kano a watan Fabrairun 1903, shi kuma Magaji ya rasu a yaƙin Burmi a watan Yulin shekarar tare da Sarkin Musulmi Attahiru. Dutsen da ake kira da sunan Moloney na nan a Keffi har gobe. Ɗalibin tarihi daga Kano ko Sakkwato zai iya tsayawa a wurin ya ga inda zaren labarin garinsu ya soma warwarewa.

A nan ma akwai darasi daga tsibiran. A wancan zamanin, Seychelles wurin ɗaurin talala ne da Birtaniya ke kai sarakunan da suka yi mata turjiya, kamar yadda ta kai Sarki Alu Lokoja. Can aka kai Prempeh na Ɗaya, sarkin Ashanti, waɗanda fataken goro Hausawa ke kira Tonawa, daga 1900 har zuwa 1924. Ƙasar ta adana wannan tarihi, ta mayar da shi igiyar zumunci tsakaninta da Ghana. Labarin Magajin Keffi bai gaza wannan nauyi ba.

Gitata kuwa tana da nata abin tinƙaho da ba kowa ya sani ba. Ɗaya ce daga cikin garuruwan Gwandara, har masana harsuna na kiran wani karin harshen da sunanta. Gwandara shi ne harshen da ya fi kusanci da Hausa, kuma tarihin baka ya nuna daga Kano kakannin masu shi suka taso. Bahaushen da ya saurara da kyau zai riƙa tsintar kalmomin da ya sani a bakin mutanen da suka rabu da nasa kakannin ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A yankin ne kuma ɗaya daga cikin gandun kiwon da gwamnati ta keɓe a jihar yake, saboda haka garin mahaɗa ce ta manoma da makiyaya da 'yan kasuwa a kan hanyar da ta nufi kudancin jihar Kaduna. Idan aka haɗa da gasar ƙwallon dawaki ta Keffi, da hawan salla na masarautar, da duwatsun Eggon, da ruwan Farin Ruwa da ke kwarara daga tsaunin da ya kai kimanin mita 150 a ƙaramar hukumar Wamba, da garin gishiri na Keana, za a ga jihar na da abin da zai riƙe baƙo kwana biyu ko uku.

Inda gizo ke saƙa

A matakin tarayya, harkar ta sha sauyin gida. An kafa mata ma'aikata mai zaman kanta a watan Agustan 2023, sannan a watan Oktoban 2024 aka haɗe ta da ma'aikatar al'adu da ƙirƙira a ƙarƙashin minista Hannatu Musawa. An samu ci-gaba ta wasu fuskoki: UNESCO ta sanya hawan salla na Kano cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024, kamar yadda ta yi wa bikin kamun kifi na Argungu a 2016, an kuma fara ba da biza ta intanet a watan Mayun 2025. Sai dai hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a 2013, a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas, ya tabbatar da cewa rajista da kula da otal-otal haƙƙin jihohi ne. Ma'ana, yawancin abin da zai sa baƙo ya je Gitata ko Wamba a Lafiya za a yanke shi, ba a Abuja ba.

Tarihin Arewa cike yake da misalan gwamnatocin da suka fara daga gina masauki. Otal ɗin tafkin Bagauda da aka gina a jihar Kano zamanin Audu Bako ya yi tashe, daga baya ya durƙushe, har wurin ya koma makarantar horar da lauyoyi. A Farin Ruwa ma an gina ɗakunan baƙi a shekarun baya, amma wahalar hanya da rashin kulawa sun hana wurin cin moriyar sunansa. Seychelles ta fara ne da hanyar isa, ta biyo da dokar kare wurin, sannan ta bar 'yan kasuwa su gina ɗaki.

Tsaro shi ne babban sharaɗi. Garkuwa da mutane a hanyoyin karkara da rikicin manoma da makiyaya sun taɓa sassan Nasarawa da kudancin Kaduna a shekarun nan. Ɗan kasuwa kan jure haɗari saboda riba, mai zuwa ta'aziyya kan jure saboda zumunci, amma mai yawon hutu ba abin da ya tilasta masa. Labari ɗaya mara daɗi ya isa ya sa iyalai da yawa su fasa tafiya. Don haka ofishin 'yan sanda mai aiki da sulhu mai ɗorewa tsakanin mai gona da mai shanu suna cikin kayan aikin yawon buɗe ido kamar yadda gadon otal yake.

Batun fili

Abin da ya fi haɗa Gitata da Assomption shi ne ƙasa. Dokar mallakar filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma tana ba shi ikon karɓar fili domin amfanin jama'a, diyyar da ake biya kuwa galibi ta amfanin gona ce da gine-gine. Mazauna Mararaba da Masaka sun ga yadda bunƙasar Abuja ta mayar da gonaki unguwanni cikin ƙasa da shekara 30. Hanyar da ta taso daga Mararaba ta bi ta Gurku da Panda zuwa Gitata, wadda gwamnatocin jihar suka daɗe suna aiki a kanta, za ta kai irin wannan matsin lamba can ciki. Manomin da ya sayar da gonar gado da arha yau, gobe yana iya zama mai gadi a ƙofar wurin shaƙatawar da aka gina a kanta.

Kafa sharuɗɗa kafin isowar masu jari ya fi sauƙi a kan neman gyara bayan an zuba harsashi. Jihar na da hukumar tattara bayanan filaye ta NAGIS, wadda za ta iya shata iyakokin gandun kiwo da wuraren tarihi da gonakin al'umma, ta ba su takardu. Majalisar dokokin jiha na da ikon tilasta bayyana duk wata yarjejeniyar hayar fili mai tsawon shekaru, da keɓe wa 'yan yankin ƙananan sana'o'i kamar jagorancin baƙi da sufuri da sayar da abinci, da ware wa garin da abin ya shafa wani kaso na kuɗin shiga. Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi kuma na da malaman tarihi da na harsuna da za su iya rubuta labarin Magaji da na Gwandara, su horar da matasan da za su ba da shi.

Haka kuma bai kamata a mayar da yawon buɗe ido madadin noma da kiwo ba. Raunin Seychelles shi ne ba ta iya ciyar da baƙinta daga gonarta. Yankin Keffi na noma doya da masara da gyaɗa da rogo, ga nono da nama daga rugage. Otal ɗin da ke sayen kayan miyarsa a kasuwar Gitata ya fi amfanar gari a kan wanda ya fi shi girma amma motar kayansa daga Abuja take tasowa. Idan kuma wata rana baƙi suka ɗauke ƙafa, kamar yadda suka yi wa tsibiran a 2020, mai gonarsa a hannu ba zai kwana da yunwa ba.

A Seychelles sai da takaddama ta kai ga akwatin zaɓe kafin a saurari jama'a kan makomar tsibiri ɗaya. A Gitata da ƙauyukan da ke kewaye da ita, yawancin filayen na hannun masu su har yanzu, kuma shawarar yadda za a karɓi baƙo tana gaban gwamnatin jiha da majalisa da masarautu.